An yi mini aiki a ƙashin baya, yayana ya ce kwanciya ce ta yi mini daɗi

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Don Allah a sakaya sunana, domin a unguwarmu kusan kowane gida ana sauraron wannan fili.

Ina rubuto maka ne raina a ɓace, ko runtsawa ban yi ba. Jiya bayan isha'i yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke ce wa Hamma, ya shigo gidana da wani mai ɗori da ya ɗauko daga wajen Kumo, bai ko sanar da ni ba. Wai a danna mini baya a ja ƙafar, jijiya ce ta hau kan jijiya. Na ce, "Hamma, ka yi haƙuri, akwai ƙarfe a bayan nan, likita ya hana." Sai ya miƙe a gaban baƙo, mai ɗakina tana jin komai daga tsakar gida, ya ce kwanciya ce ta yi mini daɗi, na samu masu ciyar da ni. Ni, Malam. Ni da bayan nan ya lalace a kan shagon da shi yake ci a yau.

Bari in koma baya don ka fahimta. Shagon hatsi ne a Tudun Hatsi, nan cikin Gombe, mahaifinmu ya bar mana, Allah ya jiƙansa. Masara, wake, gero, dawa, waken suya, duk muna saye a lokacin kaka mu ajiye, mu loda wa masu kai wa kudu. Tun Baba yana raye Hamma ne a kan littafi da kuɗi, yana zaune a inuwa, ni ne mai shiga kasuwannin ƙauye, Dukku, Bajoga, har Kashere. Buhu mai kilo 100 in 'yan dako sun yi ƙaranci ni nake sa kafaɗa, don kada mota ta kwana. Ban taɓa cewa a biya ni ladan wannan ba, na ɗauka namu ne duka. Ba a raba gādo ba har yau, saboda Inna ta ce ba ta son ta ga an raba tana raye.

Ciwon ya daɗe yana cin baya ina shan magani ina fita. Daga baya ya sauko ƙafar hagu kamar an jona mini wutar lantarki, daga ɗuwawu har babban yatsa. Da silifas ya fara zamewa daga ƙafata ban sani ba, sai aka tura ni hoton MRI. Likita ya nuna mini cewa faifan da ke tsakanin ƙashi na L4 da L5, a ƙasan baya, ya fito ya danne jijiya, ƙashin kansa kuma ya ɗan goce. A Kano aka yi aikin, aka cire abin da ya danne jijiyar, aka sa kusoshi da ƙarfe. Filina na sayar. Hamma ya ƙara wani abu, ba zan ɓoye ba, amma daga kuɗin shago ya ɗauka, wanda nake da haƙƙi a ciki, kuma babu wanda zai zo dubiya bai ji labarin wannan kuɗi daga bakinsa ba.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, da ɗinki ya warke sai su ɗauka mutum ya warke. Likita ya faɗa mini ƙarara: wata 3 na farko babu sunkuyo, babu ɗaukar kaya, babu murɗa jiki. Ƙashin yana ɗaukar wata 6 zuwa shekara kafin ya haɗe sosai. Jijiya kuwa a hankali take farfaɗowa, kuma mai yiwuwa wani ɓangare na rashin jin ya zauna. Zafin ƙafar ya ragu, alhamdu lillahi, amma saman ƙafar har yanzu a dashe yake. In zan tashi daga gado sai na juya gaba ɗaya ta gefe, in sauke ƙafafu, in tura da hannu. Masai na tsuguno ya gagare ni, sai da kafinta ya yi mini kujera mai rami. Ƙafafuna mai ɗakina ke wanke mini in zan yi alwala. Salla a kan kujera nake yi. Na san hadisin Imrana ɗan Husaini, cewa wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, limaminmu ma ya karanta mini, amma goshina yana kewar ƙasa, kuma in na shiga masallaci da bel a ƙugu yaro na riƙe da kujera, sai in ji duk idanu a kaina suke. Zuwa gashin ƙashi asibiti ma wani azaba ne, Keke Napep in ya faɗa rami har cikin kaina nake ji, shi ya sa wani lokaci nake fashi, ba lalaci ba ne.

Ban taɓa zama mai kuka ba, ko ranar da Baba ya rasu na daure. Yanzu da tsakar dare hawaye ke zubo mini ba dalili. Yara in sun yi hayaniya sai in daka musu tsawa, ƙaramin ya daina shigowa ɗakina. Abinci ba ya mini daɗi.

Na manta ban faɗa maka abin da ya ƙara tunzura Hamma ba. Bayan aiki an ba ni tramadol na ɗan lokaci, daga baya likita ya tsayar ya canza mini wani. Sabon ba ya sa ni barci, sai nake aika yaro kemis ya sayo mini na farkon. Mai miligiram 100 ne, ba mai 225 da matasa ke sha a bakin tasha ba, kuma ni don ciwo nake sha, Allah shaida ne. Sai dai ranar da ban sha ba zufa ke karyo mini, gaɓoɓi su yi ta ciwo, in rasa inda zan sa kaina. Mai ɗakina ta ga fankon a ƙarƙashin katifa, maimakon ta same ni mu yi magana, sai ta kai wa Hamma. To jiya har da wannan ya haɗa, ya ce ɗan ƙwaya ba zai riƙe masa dukiya ba. Ita kuma na san ta gaji, ta yi mini hidimar da ba zan iya biya ba, amma me ya sa sai shi za ta kai wa? Tun da aka yi aikin ban kusance ta ba, tsoro nake kada wani abu ya goce, kunya kuma ta hana ni tambayar likita. Ban sani ba ko wannan ne ya sa ta fara ganina wani iri.

Yanzu Hamma ya zaunar da babban ɗansa a wurina a shago, ya kuma ce ranar Juma'a za a taru a gidan Baffa a yi maganar rabo. Na san halinsa, littafi a hannunsa yake, abin da ya ga dama zai karanta. Inna hawan jini gare ta, ba na son ta ji mun je gaban alƙali.

Malam, in yarda a yi rabon nan yanzu ina wannan hali, ko in ce sai na miƙe? Zuciyata tana ce mini in cire bel ɗin nan gobe in tafi kasuwa in zauna ko da ba zan ɗaga komai ba, don ya ga ban mutu ba, ga kaka ta kusa. Shin hakan zai iya ɓata aikin? Kuma maganin nan, in na faɗa wa likita gaskiya, zai taimake ni in rabu da shi a hankali, ko shi ma kallon ɗan ƙwaya zai yi mini? Don Allah in da hali a karanta wasiƙar nan kafin Juma'a.

Naka mai sauraro,
daga Gombe.