Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya Kan Jariran Da Ake Haifa Da Nakasa

Zuwa ga Dakta Tedros Adhanom Ghebreyesus,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni unguwarzoma ce, na daɗe ina karɓar haihuwa. Wani dare na karɓi wata jaririya, ta faɗo da kukanta lafiya lau. Na juya ta zan goge mata baya, sai na ga ƙullutu kamar ƙwan kaza a ƙasan gadon bayanta, fatar wurin shara-shara, ruwa yana tsatsowa. Na sosa tafin ƙafarta, ko motsi ba ta yi ba. Uwar tana kwance tana kallon fuskata, tana jiran in ce mata barka da arziki. Da gari ya waye ta buɗe jakarta ta nuna mini katin awo da fankon takardun ƙwayoyin da ta shanye. Tun tana wata huɗu take zuwa awo, ba ta taɓa fashi ba. Ta ce da ni, "Anti, me na yi ba daidai ba?"

Ba ta yi komai ba. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana gama rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma farga sun yi ɓatan wata ba. Folik asid, ƙwayar bitamin ɗin da muke miƙa wa mace a wata na uku ko na huɗu yana da amfaninsa wajen ƙarin jini, amma ga wannan lalura ta buɗaɗɗen ƙashin baya, wadda rashin rufewar bututun ke haifarwa, ya zama ihu bayan hari. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Alƙaluman hukumarka sun ce kowace shekara jarirai kimanin 240,000 ne ke mutuwa kafin su cika kwana 28 saboda lalurar da aka haife su da ita, wasu 170,000 kuma su biyo baya kafin su kai shekara biyar. Tara cikin goma na yaran da ake haifa da lalura mai tsanani suna ƙasashe matalauta ne da masu matsakaicin ƙarfi. Ka fi ni sanin waɗannan lambobi. Abin da nake so in tuna maka shi ne waɗanda suka fara tayar da duniya a kan wannan magana, domin yawancinsu ba ma'aikatan gwamnati ba ne.

A 1938 shugaban Amurka Franklin Roosevelt, wanda shi kansa ƙafafunsa sun shanye, ya kafa gidauniyar yaƙi da shan inna. Aka roƙi jama'a kowa ya aiko da tsabar senti goma, daga nan ta samo sunan March of Dimes. Da yayyafi kogi kan cika: da wannan taro da sisin aka ɗauki nauyin babban gwajin allurar Jonas Salk a 1954, a 1955 aka tabbatar allurar tana aiki. Da wata ƙungiyar ce, da sai ta naɗe tabarmarta ta ce aiki ya ƙare. Ita kuwa a 1958 ta juya akalarta zuwa nakasar da ake haihuwar yara da ita, a zamanin da iyaye ke ɓoye irin waɗannan yara a ƙuryar ɗaki don kunya. A 1959 Dakta Virginia Apgar ta shiga gidauniyar. Ita ce mai ma'aunin nan da muke duba jariri da shi a minti na farko da na biyar, kuma har yau duk lokacin da na rubuta makin jariri a kati sai na tuna da ita. Ta yi ta yawo tana wa'azin rigakafin rubela, cutar da a annobar 1964 zuwa 1965 ta sa aka haifi jarirai kimanin 20,000 a Amurka da kurumta ko makanta ko ciwon zuciya.

Labarin folik asid ma haka ya tafi. A 1991 wani babban bincike da aka jagoranta daga Birtaniya ya nuna cewa sinadarin yana rage maimaituwar lalurar buɗaɗɗen ƙashin baya da dangoginta da kusan kashi 72 cikin ɗari ga matan da suka taɓa samun ciki mai ita. A 1992 hukumomin lafiyar Amurka suka ba da shawarar duk macen da za ta iya ɗaukar ciki ta riƙa shan maikurogiram 400 a kullum. Shawara kaɗai ba ta yi tasiri sosai ba, don wace mace ce za ta riƙa haɗiyar ƙwaya kullum saboda cikin da ba ta shirya ba? Ƙungiyoyin agaji da na iyayen yara suka matsa lamba har aka wajabta zuba sinadarin a fulawa da sauran kayan hatsi daga Janairun 1998. Haihuwar yara masu lalurar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kanada da Chile da Afirka ta Kudu duk sun bi wannan hanya sun kuma ga sauƙi.

A nan nake ganin iyakar ƙungiyar agaji da kuma darajarta. Tana iya biyan kuɗin bincike, ta tara iyaye su daina jin kunya, ta tsaya a ƙofar 'yan majalisa har su gaji da ita. Tana iya gyara abin da ya riga ya faru, kamar yadda Smile Train ke ɗaukar nauyin ɗinke tsagaggen leɓe tun 1999. Na ga uwar da ta kasa shayar da ɗanta saboda nono yana fitowa ta hancinsa, na kuma gan ta bayan an yi masa aiki, kai ka ce ranar aka haifa mata shi. Sai dai babu ƙungiyar da ke da ikon tilasta wa kamfanin fulawa ya zuba sinadari, ko ta rufe wanda ya ƙi. Wannan ikon gwamnati ne, gwamnatoci kuma kai suke saurara.

Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri kan nakasar haihuwa a 2010. A Mayun 2023, a gabanka, ya sake zartar da wani kan ƙara sinadarai a abinci, har ya ambaci buɗaɗɗen ƙashin baya da sunansa. Ƙungiyoyin masu fama da lalurar sun sha fafutuka kafin a kai ga haka. Roƙona na farko shi ne kada wannan takarda ta kwanta a durowa. A fito da sunayen ƙasashen da suka yi doka, da waɗanda suka yi doka amma ba mai zuwa duba buhun da ke fita daga kamfani, da waɗanda ba su motsa ba. Minista yakan ji kunya idan ya ga maƙwabcinsa ya wuce shi.

Na biyu, a ƙirga yaran nan. Jaririyar da na faɗa maka ba ta shiga wani lissafi na musamman ba. Jariri da yawa irinta ana rubuta cewa ya zo babu rai ko ya koma, shi ke nan. Abin da ba a ƙirga ba kuwa ba ya samun kaso a kasafin kuɗi. Rahoton da ya fara girgiza mutane a 2006, mai cewa yara kimanin miliyan 7.9 ake haifa kowace shekara da lalura mai tsanani, March of Dimes ce ta fitar da shi. Ƙungiyoyi irinta suna da gogewar koya wa unguwarzoma yadda za ta gane lalura ta rubuta ta. A ba su kujera a inda ake yanke shawara, kada a tuna da su ranar 3 ga Maris kawai, ranar da duniya ta ware wa nakasar haihuwa.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Doka tana kaiwa ga mai cin abin da ya fito daga babban kamfani. Matar da ke noma hatsinta ta kai ƙaramin injin niƙa, ita dokar ba ta san da zamanta ba, kuma ita ce ta fi nisa da likitan da zai rufe bayan ɗanta ko ya sa masa bututun zuƙe ruwan kai. Lokacin da kake ministan lafiya a Habasha an baza dubban mata ma'aikatan lafiya ƙauye-ƙauye, don haka ka san darajar wadda ke shiga gida ta zauna a yi hira. Irin waɗannan mata, tare da 'yan sa-kai na ƙungiyoyi, su ne za su riski budurwa da amarya kafin ciki ya shiga. Su ba ta folik asid, su tambaya ko an yi mata rigakafin rubela, su tura mai ciwon suga ta daidaita shi, mai farfaɗiya kuma likita ya duba irin maganin da take sha, domin akwai wanda ke cutar da ɗan tayi. Gwajin tunjere ma ba tsada gare shi ba, allurar fenisilin kuma tana kare jaririn.

Uwar jaririyar nan ta dawo wurina bayan shekara biyu tana son sake haihuwa. Na haɗa ta da likita ya rubuta mata babban awo na folik asid, ta fara sha watanni kafin ta ɗauki ciki. Ita ta samu labari ne don ta riga ta binne ɗiya. Ina roƙonka, ranka ya daɗe, cikin abin da ya rage na wa'adinka, ka sa a kai wa ƙannenta wannan labari tun suna gidan iyayensu.

Wassalam.

Daga wata unguwarzoma.