A riƙa faɗa wa maniyyata ainihin awannin tafiya daga Yamai zuwa Jidda

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk lokacin da aikin Hajji ko Umara ya matso sai ka ji ana gardama a Yamai, wani ya ce awa bakwai ne zuwa Jidda, wani ya rantse awa uku ya yi a dawowa. Dukansu tikiti suka karanta, ba su lura cewa kowane lokaci da ke kai agogon garin da aka rubuta ne ba.

Daga filin jirgin Diori Hamani zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda kusan kilomita 4,000 ne a miƙe. Jirgin fasinja yana cin kamar kilomita 850 a awa, idan aka haɗa da tashi da sauka sai a samu awa 5 da 'yan mintoci. Saudiyya ta riga Nijar da awa 2. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na dare zai sauka wajen 5 da kwata na asuba agogon Jidda, mai tikiti ya ƙirga awa 7 da kwata. A dawowa kuwa awa 2 ɗin nan ake ragewa.

Amma miƙaƙƙiyar hanyar ta kan Chadi da Sudan ta bi kafin Bahar Maliya, kuma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 sai aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma kewaye. Iska ma tana ƙara wa tafiya ko ta rage. Mai bi ta Istanbul kuwa ya san zai ci kusan kilomita 6,400, ban da zaman jiran jirgi na biyu, wanda wani lokaci ya fi tafiyar kanta tsawo.

Wannan lissafi ya shafi lafiya da ibada. Dattijo mai ciwon suga da ya juya agogonsa tun a cikin jirgi yakan sha magani ba a kan lokaci ba. Ya bar agogon Nijar har a sauka, maganin kuma ya kasance a jakar hannu, kada ya shiga cikin kaya. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, ya ɗaura harami tun a Yamai, domin jirgi yana kaiwa daidai mikati kafin ya sauka, kuma bayin jirgi ba zai ɗauki ɗaruruwan mutane masu canza tufafi ba. Mai sauka Madina sai a Zul Hulaifa, mikatin mutanen Madina.

Ina roƙon hukumar COHO mai shirya aikin Hajji da Umara a Nijar, da kamfanonin jigilar alhazai, su rubuta wa kowane maniyyaci awannin da zai yi a sama, da na jira, da lokacin sauka a agogon Nijar, a kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba a wurin bita.

Wassalam,
Mai karatunku daga Yamai