Ku gyara fassarar da aka yi wa 86

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Raina ya ɓaci da abin da baƙonku ya faɗa a shirin rediyo na daren Asabar, wai 86 a Turancin Amurka kisan kai kawai take nufi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai gabatarwa ko tambaya ɗaya bai yi masa ba, ya ce madalla, suka wuce.

Shekara takwas na yi a kicin ɗin wani gidan abinci a Bronx, cikin birnin New York, tun daga wankin kwanuka har na kai ga tsayawa gaban murhu. Babu ranar da kalmar nan ba ta shiga kunnena. Kifi zai ƙare wajen ƙarfe tara na dare, sai babban kuku ya ɗaga murya ya ce an yi wa kifi 86, masu kai abinci tebur su amsa, a rubuta a farin allon da ke bakin ƙofa. Duk wanda ya nemi kifi bayan nan sai dai a ba shi haƙuri. Daidai yake da mai tuwo ta ce miyar kuka ta ƙare. Idan kuma wani ya yi tatul ya fara zagin ma'aikata, manaja ya ce a yi masa 86, to fitar da shi za a yi, kuma ba a ƙara sayar masa ko ruwa. Da idona na ga an raka mutane ƙofa a kan haka, suka tafi gida da ƙafafunsu. Daga nan kalmar ta fita waje, ana faɗarta a kan shawarar da aka yi watsi da ita, ko wani abu da aka ce ba a so.

Tun shekarun 1930 take yawo a bakin masu sayar da abinci da lemo. Ana danganta ta da nix, wata kalmar ƙin abu, saboda ƙarshen furucinta da na eighty-six, wato 86 a Turanci, ɗaya ne, ita kuma nix daga Jamusanci ta fito, inda take nufin babu komai.

Na san hoton da James Comey, tsohon shugaban FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ya sa a Instagram a watan Mayun 2025 ne ya jawo zancen, wanda aka jera lambobin 86 47 a bakin teku, ga shi Trump ne shugaban Amurka na 47, shi ya sa wasu suka ɗauka kira ne a kashe shi. Ba kare Comey nake yi ba, kuma gaskiya akwai masu amfani da ita da nufin kisa. Amma sai a faɗa wa mutane ma'anar da kowa ya sani tukuna, kafin a kawo waccan. Ɗan ƙanena da ke karatun Turanci ya kafe yana musu da ni har yanzu, hujjarsa ɗaya ce: a rediyo ya ji. Kun ga nauyin da ke kanku ke nan. Ina roƙon ku gyara a shiri mai zuwa.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin kanun labarai. Yana danne muryar mai karatu, mahaifiyata sai ta kara rediyo a kunne kafin ta ji.

Naku,
Mai sauraro daga Kano