Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa (NDPC), Dakta Vincent Olatunji

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Kullum sai saƙo ya shigo mana waya daga banki ko kamfanin layi, kar ka ba kowa lambar sirrinka, kar ka faɗa wa kowa OTP (lambar tabbatarwa da ake turo maka ta waya), kar ka danna abin da ba ka sani ba. Mun ji, kuma gaskiya ne. Amma yallaɓai shi ɗan damfarar da zai kira mutum ya ambaci cikakken sunansa har da na mahaifinsa, ya faɗi ranar haihuwarsa da bankin da yake ajiya, wani lokacin har da lambobin BVN ɗinsa, a ina ya samo su? Ai ba a bakin mai su ya ji ba. Kafin ya kira ya riga ya sayo su ko ya sato su daga wajen waɗanda suka karɓa a hannunmu da sunan aiki, kuma shi ya sa mutane ke yarda da shi, don wanda ya san wannan duka ba ka tunanin ɓarawo ne.

Mu dai ba mu da zaɓi. Tun 2014 aka ce sai da BVN, muka je muka dangwala yatsu aka ɗauke mu hoto. A ƙarshen 2020 aka ce a haɗa NIN da layi ko a rufe, muka bi layi muka haɗa. Yanzu neman aiki, jarrabawa, tallafi, buɗe asusu, ko'ina sai an ce kawo NIN, kuma mutum zai miƙa kwafin takardarsa bai san a wace durowa za ta kwana ba, bai san wa zai ɗauke ta hoto da waya ba. To kalmar sirri in an sace ta minti biyu ka canza wata, katin ATM a toshe a ba ka sabo, amma ranar haihuwa fa? Zanen yatsa fa? Waɗannan in sun fita sun fita kenan har mutum ya koma ga Allah, kuma wallahi wannan ne ke tayar min da hankali.

Da waɗannan bayanan ne ake yi wa layin mutum welkom bak, wato a mayar da lambarsa kan sabon sim, ba da saninsa ba, wayarsa ta ɗauke sabis ya zaci matsalar netwok ce, alhali duk OTP ɗinsa na sauka a hannun wani, kafin gari ya waye an yashe asusu. Da su ake cin bashi a manhajojin nan na bada rance da sunan wanda bai ma san da zamansu ba, sai dai ya ji ana kiran 'yan uwansa ana ci masa mutunci. Mafi muni a yi rijistar layi da NIN ɗin bawan Allah a aikata ta'asa da shi, ranar da jami'an tsaro suka bi sawu ƙofarsa za su ƙwanƙwasa.

Ba mu kaɗai abin ke samu ba, na sani. A 2017 an yi wa kamfanin Equifax na Amurka kutse aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147, a 2021 kuma bayanan masu Facebook sama da miliyan 500 suka bazu a intanet har da lambobin waya. A nan gida ma a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo shafukan da ke sayar da bayanan NIN da BVN ga duk wanda ya biya. Wa aka kira a cikinmu aka ce masa naka na ciki?

Dokar da ta kafa hukumarka, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ce duk wanda bayanan jama'a suka zube a hannunsa ya sanar da ku cikin awa 72, in kuma haɗarin babba ne ya sanar da masu bayanan kai tsaye cikin harshe mai sauƙi. Ta ba ku ikon cin manyan kamfanoni tarar da za ta iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Doka ta yi kyau, saura aiki da ita, kuma dan Allah kar ta tsaya kan kamfanoni kawai, hukumomin gwamnati su ne suka fi kowa tara bayananmu, in ɓarakar daga wajensu take a faɗa a fili.

Roƙona shi ne sanarwar nan ta riƙa isowa ga mai ita, a wayarsa, da harshen da yake ji, da Hausa ga mai jin Hausa, ba a liƙa ta da Turancin lauyoyi a shafin da ba mai buɗewa ba. Sannan wanda aka riga aka ci da sunansa ya samu ƙofa ɗaya da zai kai kuka, don a yanzu banki ya tura shi kamfanin layi, su kuma su ce ya tafi wajen 'yan sanda, yana ta zagaye bashin da bai ci ba yana ƙaruwa. A ba mu lambar kira kyauta wadda za a ɗauka, a wajabta wa banki da kamfanin layi su dakatar da komai da zarar an kai rahoto, sannan mai NIN ya riƙa samun saƙo duk lokacin da wani ya yi amfani da lambarsa wajen yin layi ko buɗe asusu.

Na gode, Allah ya yi jagora.