Amsa Ga Mai Tambaya Kan Daonil Da Karkarwar Baba

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Ranar da ka bugo waya a shirin lafiya na rediyo, lokaci ya ƙure kafin in amsa maka. Ka ce Baba, mai shekara 70, yakan jiƙe da gumi yana karkarwa duk ranar da ya sha Daonil bai karya ba, alhali Mama tana shan metformin, hakan bai taɓa samunta ba. Dukansu magungunan ciwon suga ne, gumi da karkarwar kuma alamar faɗuwar suga ce a jini. Me ya bambanta su?

Daonil sunan kasuwa ne. Maganin shi ne glibenclamide, ɗan dangin sulfonylurea, su gliclazide da glimepiride. Da tsautsayi ma aka gano dangin: a 1942, a Montpellier ta Faransa, likita Marcel Janbon yana gwajin maganin taifot, sai ya ga sugan majinyatansa yana faɗuwa warwas.

A pankiriyas magungunan dangin nan suke aiki, wata gaɓa da ke bayan tumbi. Ƙwayoyinsa da ke fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini, suna da 'yan ƙofofi da sinadarin potassium ke fita ta cikinsu. In an ci abinci suga ya hau, ƙofofin su rufe, calcium ya shiga, insulin ya fito. Glibenclamide kuwa da kansa yake rufe su, babu ruwansa da ko an ci tuwo ko ciki wayam yake. Metformin hanta yake taka wa birki kada ta riƙa zuba suga cikin jini, shi ya sa da wuya ya kayar da suga shi kaɗai.

Ga kuma shekaru. Glibenclamide yana daɗewa a jiki, ƙoda ke fitar da wani kaso na ragowarsa, ƙodar tsoho kuma ba ta saurayi ba ce. Jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce bai dace da wanda ya haura 60 ba. Arharsa ce ta sa har yanzu ake yawan rubuta shi, ni dai ba zan so mahaifina a kansa ba.

Kada ku dakatar da maganin da kanku. Ku kai Baba wurin likita kafin azumi ya kama, a duba ƙodarsa, a yi maganar gliclazide. Kafin nan, in karkarwar ta zo ko na'urar auna suga ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, a dama masa ƙaramin cokali uku na suga a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai, a wuce asibiti. Ko ya farfaɗo a hanya a ƙarasa, don da wannan magani suga yakan sake faɗuwa bayan sa'o'i.

A gaishe da Baba da jiki.