Wasiƙa Zuwa Yamai Kan 'Ya'yan Tarwaɗa

Kura, Jihar Kano

Assalamu alaikum, Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Yamai baki ɗaya. Na san ka ƙullace ni saboda shirun da na yi tun ƙaramar salla, amma idan ka ji abin da ya riƙe ni za ka sassauta, ko da yake ba lallai labarin ya yi maka daɗi ba, domin gardamar da muka yi a bakin kududdufi kafin ka tafi ta ƙare, kuma kai ka sha ƙasa.

Ka tuna ka ce tarwaɗa ba ta mutuwa ko a laka, don haka in zuba 'ya'ya iya son raina. Na gyara kududdufan reno biyu masu girma ɗaya, kowanne mita 10 tsawo da faɗi, na busar da su, na watsa farar ƙasa da kashin kaji, na cika su da ruwan Tiga, na rufa musu raga saboda tsuntsaye da kwaɗi. A na gabas na zuba 5,000. A na yamma, wanda yara suka laƙaba wa sunanka, na zuba 15,000.

Makon farko babu wanda zai iya bambanta su. Matsalar ta fara ne lokacin da ƙananan halittun da taki ke haifarwa a cikin ruwa suka ƙare a na yamma, domin su ne abincin 'ya'yan kifi na farko, kuma baki uku ba za su ƙoshi da rabon baki ɗaya ba. Na ƙara musu garin abinci, sai ragowarsa da kashinsu suka ɓata ruwan har ya fara ɗoyi. Kullum bayan sallar asuba, lokacin da iskar cikin ruwa ta fi ƙaranci, ina tarar da su sun taso sama suna haki. Abin da ka manta, Malam masanin kifi, shi ne babbar tarwaɗa ce ke da gaɓar shaƙar iska daga waje. 'Yar da aka ƙyanƙyashe jiya ba ta riga ta mallake ta ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin daidaiton girma. Wasu 'yan ƙalilan, waɗanda muke kira shuta, suka zarce sauran, suka koma haɗiyar 'yan uwansu. Baba mai gadi ya rantse aljanu ne ke kwashe su da dare, har sai da na tsamo ɗaya da wutsiyar ƙaninsa a baki na nuna masa, amma har yau bai janye maganar aljanun ba.

Da muka kwashe a mako na biyar, na gabas sun kai tsawon ɗan yatsa, kusan kansu ɗaya, mai saye daga Wudil ya ɗauke su ba tare da dogon ciniki ba. Na yamma sun ɗan fi yawa a ƙidaya, ba zan zalunce ka ba, amma ƙanana ne, sai da na ƙara ciyar da su mako biyu, kuɗin abincin ya lashe ribar. Uwargida ta ce in aiko maka da lissafin ka biya rabi, da sefa.

Yanzu ina so in gwada 8,000 kafin hunturu ya shigo, tunda sanyi na rage musu ci, kuma zan riƙa tace manyan duk mako. Ka tambayar mini farashin raga mai ƙananan idanu a wajenku.

Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata alƙawarin bandar kifi yana nan.

Naka har kullum,
Abokinka na Kura