Matar Leburan Gona Daga Ingila Zuwa Niyu Zilan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani ɓangare na tarihin daular Birtaniya da ba a cika taɓowa a shafukan tarihi na jaridunmu ba. Mu a ƙasar Hausa, Baturen da muka sani shi ne Razdan ko Di'o ko Joji, mai doki da kuku da boyi, domin irinsu ne suka zo mana bayan cin Kano da Sakkwato a 1903. Amma akwai ƙasashen da zama aka je yi cikinsu, kamar Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan, kuma da yawa daga waɗanda aka kwasa zuwa can talakawa ne futuk. Wadda nake so a duba a cikinsu ita ce matar leburan gona ta shekarun 1870, domin a ganina labarinta ya fi na kowane gwamna nuna yadda wannan daula ta yi aiki.

Mijinta ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa. Ƙodago yake yi a gonar wani, kuma a yankuna kamar Warwickshire da Oxfordshire ladansa bai cika wuce sule 12 a mako ba, irin sulen nan da mu ma muka kashe har zuwa 1973, wanda 20 ke yin fam guda. Sau da yawa ɗan gidan da suke ciki ma na mai gonar ne, saboda haka ranar da aka sallami miji daga aiki, ranar iyali ke fara shirin kwana a waje. Ita ce ke raba wannan ɗan kuɗi tsakanin burodi da dankali da ganyen shayi da takalman yara, idan kuwa an samu ɗan nama, miji ake ajiye wa, tun da ƙarfinsa ne jarin gidan. Bayan aikin gida tana fita cire ciyawa da tsince duwatsu a gona, tana yin kalar alkama bayan girbi, a wasu ƙauyukan Oxfordshire kuma tana ɗinkin safar hannu a biya ta gwargwadon abin da ta ɗinka. Abin da ta fi tsoro shi ne gidan gajiyayyu na hukuma, inda tun dokar 1834 ake raba miji da mata da 'ya'ya kowa da sashensa.

A watan Fabrairu na 1872 wani lebura mai wa'azi, Joseph Arch, ya yi wa leburori jawabi a ƙauyen Wellesbourne, daga nan aka kafa ƙungiyar ƙwadagon leburorin gona, wadda ta nemi a ƙara lada zuwa sule 16. Mata ba su tsaya kallo ba. A 1873, a ƙauyen Ascott-under-Wychwood, an kama mata 16 saboda sun tare wasu samari biyu da aka kawo su maye gurbin mazan da ke yajin aiki. Alƙalan da suka yanke musu hukunci a Chipping Norton limaman coci ne, suka ɗaure wasu kwana 7, wasu kwana 10, tare da aiki mai tsanani, aka kai su kurkukun Oxford, biyu daga cikinsu da jarirai a hannu. Shekara guda bayan haka masu gonaki a gabashin Ingila suka haɗa kai suka kori dubban 'yan ƙungiya daga aiki. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda mace za ta yarda ta bar kabarin iyayenta ta nufi ƙarshen duniya ba.

A daidai wannan lokaci gwamnatin Niyu Zilan na neman mutane ruwa a jallo. Tun 1870 ma'ajinta Julius Vogel ya fito da shirin cin bashi daga Landan domin shimfiɗa layin dogo da hanyoyi da wayar tangarahu, da kuma kawo masu yin aikin. Daga ƙarshen 1873 aka mayar da kuɗin jirgi kyauta. Ƙungiyar Arch ta ba da goyon baya, bisa lissafin cewa idan leburori suka ragu a gida, dole ladan waɗanda suka rage ya tashi. A cikin shekarun 1870 an kai mutum wajen 100,000 da taimakon gwamnati.

Tafiyar ita ce inda mace ta fi biyan farashi, kuma nan ne nake ganin masu ba da labarin ke yin sauri da yawa. Jirgin ruwa mai filafilai kan ɗauki wata uku ko fiye. Ana sa iyalai a tsakiyar jirgin, a ƙarƙashin bene, samari a gaba, 'yan mata a baya ƙarƙashin kulawar wata uwar ɗaki, kuma rabon miji da mata ɗan gadon katako ne da labule kawai ya raba su da maƙwabta. Abinci naman gishiri ne da busasshen biskit, abin da babba zai iya daurewa ya ci amma yaron da aka yaye ba zai iya ba. Idan ƙyanda ko tarin shiƙa ko gudawa suka shiga, ƙananan yara suke ɗauka, uwa tana tsaye za a naɗe gawar ɗanta a tamfol a sake ta cikin teku. Akwai kuma gobara. A watan Nuwamba na 1874 jirgin Cospatrick, mai zuwa Auckland a Niyu Zilan, ya kama wuta a kudu da gaɓar Afirka ta Kudu, mutum wajen 470 suka halaka, uku kacal suka tsira. Mutum 17 daga cikin mamatan 'yan ƙauyen Shipton-under-Wychwood ne, maƙwabcin Ascott.

Wadda ta isa lafiya, idan akwai cuta a jirgin sai a tsare su a wani tsibiri, in babu sai barikin baƙi, daga nan a tura su inda aiki yake. Ba za a musa cewa ta samu sauƙi ba. Abin da miji ke samu a kwana biyu ya kai ko ya wuce na makonsa a Ingila, aikin awa takwas ne a yini, naman tunkiya kuma ya yi arahar da yara ke ci kullum. Daga 1877 karatun firamare ya zama kyauta. Wasiƙun da aka aika gida cike suke da wannan labari, jaridar ƙungiyar ma tana buga su, ko da yake mai hankali zai tuna cewa wasiƙar mai murna aka fi son bugawa. Abin da ba a cika rubutawa ba shi ne kaɗaici. Miji kan yi makonni yana saran daji ko aikin hanya, ita kuma tana cikin bukkar katako ita da yara, tana tatsar saniya, tana kaɗa man shanu ta sayar, tana ɗebo ruwa da itace, ranar haihuwa kuwa sai maƙwabciya, in an yi sa'a akwai ta kusa. Mahaifiyarta tana nesa da tafiyar wata uku, kuma akasarinsu ba su sake ganin Ingila ba.

Sai dai ƙasar da ta samu ta kafa gida a kanta tana da masu ita. Mutanen Maori, 'yan asalin ƙasar, sun sa hannu a yarjejeniyar Waitangi a 1840 bisa alkawarin za a kare musu filayensu, amma a lokacin yaƙe-yaƙen shekarun 1860 dokar 1863 ta ba gwamnati ikon ƙwace ƙasa mai yawa a Waikato da Taranaki, kotun filaye da aka kafa a 1865 kuma ta sauƙaƙa saye abin da ya rage. A garin Parihaka da ke Taranaki, mutanen Te Whiti, wani shugaban Maori, sun nuna ƙin yardarsu ba da makami ba, ta hanyar shiga filayen da aka ƙwace su yi huɗa da garma, amma duk da haka a Nuwamba 1881 dakaru wajen 1,600 suka mamaye garin suka tarwatsa shi. Ban ɗora wa matar lebura laifin tsara wannan ba, domin ba a shawarce ta ba a Landan ko a Wellington, babban birnin Niyu Zilan. Amma ƙaryar da ba zan yarda da ita ba ita ce a ce ta sauka a ƙasar da ba kowa. Masu ƙasa a Ingila sun rabu da talakansu ba tare da sun ba shi ko kadada ɗaya daga tasu ba, matar Maori ce ta biya da gonar kakanninta.

Shekarun 1880 sun zo da karayar tattalin arziki, aiki ya yi wuya, har wasu iyalan suka sake ɗaure kaya zuwa Ostareliya. Waɗanda suka zauna, a 1893 matansu suka samu 'yancin jefa ƙuri'a, su da matan Maori a doka guda, alhali a Ingila, inda suka bar 'yan'uwansu, sai 1918 aka fara ba wasu mata wannan dama, sauran kuwa sai 1928.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu,
Zariya.